Ranar da Kamus Ya Kai Gwaggonsa Aji

Kamus ya taɓa yin aiki a bakin ƙofar wani otal, yana buɗe wa baƙi mota yana karɓar jaka. Aikin bai daɗe ba, amma Turancin da ya ce ya kwaso a can ya zama masa jari har yau. Ba a yin hira a layinsu a tashi bai gyara wa wani lafazi ba. Idan ana karanta labarai a rediyo, sai ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce mai karatun bai taɓa zama da masu harshen ba. Don tsokana aka laƙaba masa Kamus, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har yana ɓata rai idan aka kira shi da na gaskiya.

Matarsa ce ke riƙe da gidan, da burodin da take gasawa tana kai wa shaguna. Ta yi haƙuri da ofishin fassarar da ya buɗe a zaure ya rufe babu wanda ya leƙo. Ta yi haƙuri da littafin da ya ce zai rubuta, wanda ya tsaya a kan zaɓen suna. Ranar da aka ji makarantar da ke ƙarshen layi tana neman malamin Turanci, haƙurin ya zo wuya. Ta ajiye masa shayi, ta zauna a gabansa.

"Baban yara, ka je ka nema. In sun ɗauke ka, shi ke nan, kowa ya huta. In ba su ɗauke ka ba, Auta yana neman mai ɗaukar buhu, kuma na riga na gaya masa za ka zo."

Auta ƙaninta ne, mai shagon sayar da buhunan gari daura da makarantar. Kamus ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yaron nan ƙarfi kawai Allah ya ba shi, ko sunansa bai iya rubutawa da Turanci ba. A ce yau shi ne zai tsaya gaban Auta ana nuna masa buhu da yatsa, ai gara a ce ya bar garin.

"Ki gaya wa ƙanin naki ya nemi jaki," in ji Kamus. "Makarantar nan ita za ta roƙe ni."

Shugabar makarantar ba ta roƙe shi ba. Mace ce mai magana a hankali, wadda ta ga masu neman aiki iri-iri. Ta saurari tarihin otal har ya kai inda wani jakada ya yaba masa, sannan ta miƙo masa littafin ajin. Ta ce zai koyar da darasi ɗaya na gwaji a gabanta da wakilan iyaye, a kan kalmomin da kunne ke ji iri ɗaya amma a rubuce kowace da nata haruffa. Yaran suna yawan rikita su a jarrabawa.

"Allo yana nan, alli yana nan," ta ce.

"Alli?" Kamus ya yi murmushin wanda ya ga duniya. "Ranki ya daɗe, alli ne ya kashe ilimi. Ni tagwayen kalmomin nan a raye zan kawo su."

"Ka dai zo da wuri, Malam."

A hanyar gida dabarar ta gama nuna a kansa. Tunda kunne ya kasa raba kalmomin, to ido zai raba su. Kowace kalma zai kawo abinta cikin aji, yara su gani, su taɓa, su shinshina. Ya buɗe littafin ya zaɓi waɗanda za su ɗauku. Ga hair da hare, wato gashi da zomo. Ga flour da flower, gari da fure. Ga aunt da ant, gwaggo da tururuwa. Ga kuma bee, ƙudan zuma, wanda abokin tagwaicinsa ba abu ne da ake riƙewa a hannu ba, amma Kamus ya ce idan ƙudan ya yi kyau babu mai tambayar ɗayan.

Ya fara da mai aski. Ya tarar da shi yana share shago, ya miƙa masa leda ya ce a cika masa.

"Gashin wa kake so?"

"Na kowa. Ilimi ba ya wariya."

"Kamus, in wani ya kwana da ciwon kai a layin nan, sunanka zan faɗa."

Daga nan ya wuce wurin tela, wanda ke kiwon wani farin zomo a bayan shagonsa yana ji da shi kamar ɗan fari. Tela ya ƙi, Kamus ya nace, ya ce zomon zai shiga tarihi. Tela ya ce zomonsa bai nemi tarihi ba. Da ƙyar ya yarda, ya sa shi cikin kwali, ya ɗaga almakashi ya nuna Kamus da shi.

"In kunnensa ɗaya ya lanƙwashe, wandonka da ke wurina zan haɗe ƙafafunsa biyu in ɗinke."

Mai zuma, da ke zaune a bayan gari, mutum ne mai sauƙin kai. Ya kama ƙuda ɗaya ya sa a kwalba ya ba shi. Kamus ya ɗaga kwalbar ya duba ta da raini.

"Ɗaya? Na bayan aji ai cewa zai yi ƙudan bola na kawo. Wancan ƙaramin akwatin fa, mai tagar waya?"

"Sabon taro ne, ban daɗe da kama su ba. Ba su gama hucewa ba."

"Ni da na kula da lambun otal? Ƙudan zuman can ma sun fi waɗannan girma."

Kamus bai taɓa taka lambun otal ba sai ranar da ya bi wata hula da iska ta ɗauke. Amma bakinsa ya fi ƙarfin mai zuma. Mutumin ya cusa dunƙulen ɗanyar ciyawa a ƙofar akwatin ya toshe ta tam, ya ce duk abin da za a yi kada ciyawar nan ta fita. Ya ƙara da cewa zai zo kallo, amma daga waje zai tsaya.

Tururuwa ba su ba shi wahala ba. Ya zuba sukari a gwangwani ya ajiye a gindin katanga, kafin la'asar ya cika da jajaye masu cizo. Ya rufe, sannan tausayi ya kama shi, ya ɗauki ƙusa ya huhhuda murfin don bayin Allah su sha iska. Garin kuwa daga buhun matarsa ya ɗiba tana wanka.

Saura Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai sanda da kaifin harshe, wadda ta yi masa wanka yana jariri kuma ba ta bari ya manta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce makaranta ce za ta karrama ta a gaban jama'a.

"Ni? Me na yi musu?"

"Dattaku, Gwaggo. Ana son yara su ga yadda gwaggo ta gari take."

"To ai gara su gani tun ina raye," ta ce. Ta aika a goge mata kayanta na fita.

Ranar gwaji Kamus ya sa kwat ɗin da ya rage masa daga otal, ya ɗaure wuya, ya loda kayansa a baro. Gwaggo na tafe a bayansa tana dogara sanda, ta sha turare har ana jin ta daga tsallaken titi. Da yake ya bi gida-gida ya gayyaci kowa ya zo ya ga yadda ake koyarwa a ƙasashen da suka ci gaba, rabin layin ya biyo su. A bakin ofishin Shugaba ya tuna bai tanadi fure ba. Ga wata tukunya a gefen ƙofa da jan fure guda ɗaya tal a kanta. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tsinke.

Ajin ya cika. Yara a kan benci, Shugaba da wakilan iyaye a kujerun baya, maƙwabta sun toshe tagogi. Mai aski da tela sun sami taga ɗaya, Auta ya jingina a ta kusa da su, mai zuma ya tsaya can baya inda hanya take a buɗe. Matar Kamus tana bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ya zaunar da Gwaggo a kujera a gaban allo, ya ajiye gwangwanin tururuwa a ƙasa kusa da ƙafarta, ya tura akwatin zuma ƙarƙashin tebur don ya zama abin mamakin ƙarshe.

Gaskiya farkon ya yi kyau, kuma wannan ne ya ƙarasa shi. Ya juye gari a faranti ya ɗaga, ya faɗi kalmar, yara suka amsa. Ya ɗaga fure ya faɗi kalmar, yara suka amsa da sautin da suka amsa ɗazu. Ya sake, suka sake, ajin ya ɗauka kamar waƙa. Kamus ya saci kallon tagar Auta ya ɗaga gira.

"Malam," in ji Shugaba daga baya, "a ina ka samo furen nan?"

"Ilimi ya fi ado, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana kallon furen.

Ya zazzage ledar gashi a kan tebur, baƙi da fari da mai furfura, wata yarinya a benci na gaba ta ja baya. Zuwa lokacin kwat ya fara aikinsa, gumi na bin bayan Kamus har cikin takalmi. Ya miƙa hannu ya murɗa makunnin fankar silin har ƙarshe.

Garin ne ya fara tashi. Gashin ya bi shi. Cikin ƙiftawar ido ajin ya yi fari, gashin mutanen layi yana yawo a sama yana sauka a kan wanda ya ga dama. Yara suka kama atishawa da dariya. Wani wakilin iyaye mai sanƙo ya shafa kansa ya duba tafin hannunsa.

"Ga gashinka ya dawo, Alhaji," in ji mai aski daga taga. "Ban san na wa ba ne, amma ya karɓe ka."

"Kowa ya natsu," in ji Kamus yana kashe fankar. "Wannan ma cikin darasin yake."

Ya buɗe kwali ya ɗago zomo ta kunnuwa. Tela ya yi wata ƙara kamar shi aka ɗaga. Zomon ya harba ƙafafu, ya bar wa Kamus zane a wuyan hannu, ya dira kan tebur, ya cinye furen Shugaba a gaban idonta, sannan ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. Kamus ya leƙa, ya ga ya lafe a can ya yi shiru, ya ce a bar shi ya huta, dama an gama da shi.

"Yanzu mun zo kan babbar baƙuwarmu," ya ce, ya nuna Gwaggo da hannu biyu. Gwaggo ta gyara zama, ta kakkaɓe gari daga kafaɗa, ta yi wa jama'a murmushi. Ya faɗi kalmar, yara suka amsa. Ya sunkuya ya ɗauko gwangwani ya ɗaga, ya faɗi kalmar, suka amsa.

"Me ke cikin gwangwanin?" Gwaggo ta tambaya.

"Tururuwa ne, Gwaggo. A Turanci ku biyun kusan suna ɗaya ake kiranku."

"Ni da tururuwa?"

"A kunne kawai."

"Karramawar ke nan? Na yi maka wanka, na goya ka, ka tara min gari ka ce ni da ƙwaro ɗaya muke?"

"Ba ɗaya ba, Gwaggo. Bambancin ne ma nake son nunawa."

"Sai an tara mutane kafin a gane bambancina da tururuwa?"

Kamus ya ji gwangwanin ya yi masa sauƙi a hannu. Ya girgiza shi, babu motsi. Bayin Allah sun sha iska ta hujin da ya yi musu, sun kuma bi ta nan sun fita, sun sami ƙafar kujera, daga nan suka sami ƙafar Gwaggo. Maganarta ta tsaya a tsakiya. Tsohuwar da ta shekara tana cewa gwiwa ta hana ta sakat ta miƙe zumbur, tana buga zane tana taka ƙasa, sanda na juyawa a sama. Bugu na farko ya sami allo. Na biyu ya sami Kamus a kafaɗa, kuma babu wanda ya yarda kuskure ne. Na uku ya sami ƙafar tebur, teburin ya goce gefe.

Sai ga zomo a fili, zaune a gaban akwatin zuma, yana tauna sauran ciyawar da ta toshe ƙofa, hankalinsa kwance.

Ajin ya yi tsit. A cikin shirun aka ji wani gurnani siriri yana kauri.

"Ku fita a hankali, kada kowa ya yi gudu," in ji mai zuma daga waje. Da aka waiwaya, shi har ya kai bakin titi.

Shugaba ta nuna ita shugaba ce. Ta buɗe ƙofar baya ta kora yaran waje kamar kaji, matar Kamus na janye na gaba ta ɗaya ƙofar. Wakilan iyaye suka manta da girma suka bi ta kan benci. Maƙwabtan da suka yi cunkoso don su ga ci gaba suka ranta a na kare. Ƙudan suka rabu biyu, rabi suka bi turaren Gwaggo, wadda Auta ya sungume ta ya fita da ita tana zagin zuriyar ɗan'uwanta, rabi suka tsaya wa mai darasi.

"Ku dawo, ba a tashi ba," Kamus yake cewa, shi kaɗai a tsakiyar aji. "Ƙudan zuma ba ya harbin wanda ya natsu. A otal..."

Ɗaya ya sauka a leɓensa na sama. Wani ya shiga ta wuyan kwat. Kamus ya bar natsuwa a nan, ya nufi taga, ya fita da kai, ƙugiyar tagar ta riƙe bayan kwat ɗin ta raba shi biyu. Ya faɗa kan tela, wanda ke ƙoƙarin shiga ya ceto zomonsa.

Sai da mai zuma ya dawo da hayaƙi da mayafin fuska aka samu ƙurar ta lafa. Aka taru a filin makaranta ana duba juna. Yaran sun tsira, in ban da biyu da ake shafa wa magani suna ba da labari da alfahari. Zomo ya fito ba abin da ya same shi, har ya fi kowa ƙoshi. Shugaba ta tako a hankali, fari fat da gari, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, wani guntun furfurar da ba tata ba a manne a goshinta. Kamus ya gyara rabin kwat ɗin da ya rage. Leɓensa ya yi suntum, maganar na fita da ƙyar.

"Ranki ya daɗe, an ɗan sami tangarɗa. Amma ki duba, yaran nan har abada ba za su manta da darasin yau ba."

"Ni ma haka, Malam."

Ta kira yarinyar benci na gaba ta tambaye ta abin da ta koya.

"Zomo yana cin ciyawa," in ji yarinyar.

"Kalmar zomo da ta gashi fa, yaya ake rubuta kowace?"

Yarinyar ta dubi Kamus, ta dubi ƙasa. Shugaba ta juya ta nuna ajin da hannu. Ta ƙofar da aka bari a buɗe kowa na iya hango allon, baƙi wuluk, babu komai a jikinsa sai tabon sandar Gwaggo.

"Darasin rubutu na ba ka. Ka kawo zomo, ka kawo ƙudan zuma, ka kawo gwaggonka. Harafi ɗaya ba ka rubuta ba."

"Ai rubutun a kashi na biyu yake."

"Allah ya raba mu da kashi na biyu. Ka kwashe kayanka, Malam. Ka fara da gashin."

Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma wannan ya fi yi wa Kamus ciwo. Ya nemi idon matarsa a cikin taron. Tana can tana kakkaɓe wa Gwaggo zane, ba ta ko ɗago ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba, don wannan karon babu wanda ba ya wurin balle a ba shi labarin yadda aka so.

Washegari da sassafe matarsa ta ajiye masa shayi da tsohuwar riga. Bai yi musu ba. Ya bi gefen katanga ya isa shagon Auta, ya tarar an buɗe, buhuna jere har rufi.

"Sannu da zuwa, Yaya. Yaya leɓen?"

"Da sauƙi. Ka sani dai na ɗan lokaci ne, kafin makarantar ta gama shawara."

"Na sani, Yaya. Ga na farko nan."

Kamus ya tsaya a kan buhun. A jikinsa an buga rubutun Turanci da manyan jajayen haruffa. Ya gyara murya, ya sa yatsa a ƙarƙashin layin farko.

"Ka san abin da aka rubuta a nan kuwa? Bari in karanta maka."

"Ba karantawa ake yi ba, Yaya. Ɗauka ake yi."

Auta ya kama gefe ɗaya ya ɗora masa a baya, ya nuna masa motar da ke jiran kaya. Direban bai sami wurin tsayawa ba sai a tsallaken titi, daidai ƙofar makarantar, inda yara suka fara taruwa.